Tsohon babur ko na zamani a doguwar tafiya: Abubuwan da ya kamata ka sani

Duk inda masu babur suka taru a Ƙanƙara, a tashar acaɓa ne ko a rumfar bakanike, da wuya a watse ba a taɓa wannan gardama ba. Dattawa su ce ƙarfen da ya fi na yanzu: wai Honda Benli na shekarun 1970 zai kai mutum Gusau ya komo da shi bai ɗaga sufana ba. Samari su yi dariya, su nuna Boksa a jingine, su ce ga wanda ke ɗauko buhu uku na masara daga Sabuwa zuwa kasuwar Ɗandume ko gezau. Masu yawon duniya a kan babur a Turai da Amurka ma suna wannan musu, sai dai su in mashin ya mutu musu a hanya waya za su buga, a zo da mota a ɗauke shi. Tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa lissafin daban ne.

## Wane ne tsohon, wane ne sabon?

Baburan da ake magana a kansu kashi uku ne, ba biyu ba.

Na farko su ne tsofaffin Japan da Italiya: Honda Benli da Roadmaster da CG125, Suzuki A100, Yamaha YB100, da Basfa ta akawuna da malaman makaranta. Sun cika garuruwan Arewa bayan ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya ma'aikata har da ariyas a 1975, lokacin da malamin firamare kan shiga kanti ya fito da babur sabo dal. A 1979 Honda ta kafa kamfaninta a Najeriya, masana'antarta tana Ota a jihar Ogun.

Na biyu su ne waɗanda muke hawa yau: Jincheng da ya mamaye tituna a farkon shekarun 2000, Bajaj Boxer da TVS na Indiya, Haojue da danginsa na Sin, da Honda Ace da aka fito da shi a Najeriya a 2011.

Na uku su ne manyan da aka ƙera takanas don cin dogon zango, irin su BMW GS, Honda Africa Twin, Yamaha Ténéré da Honda Gold Wing. Suna da lagireto kamar mota, da kwamfuta mai auna man da inji zai sha, da birkin da ba ya barin taya ta ƙame. A yankinmu sai jefi-jefi ake ganinsu, sun ratsa Funtuwa a guje, yara na ɗaga musu hannu.

Kashi na biyun nan ne ke rikita gardamar, domin a leda sababbi ne, a ƙira kuwa tsofaffi. Jincheng ɗin kwafin Suzuki AX100 ne. Boksan da ake kawo mana kafireta gare shi, iska ke sanyaya injinsa, da kik ake tayar da shi, kamar dai babur na shekara 40 baya. A Indiya kanta, tun Afrilun 2020 dokar hayaƙi ta sa kamfanoni sauya yadda ƙananan babura ke shan mai, aka koma ga na'urorin lantarki, amma na kasuwar Afirka aka bar su yadda suke. Wasu na ganin raini ne. Ni ina ganin sun san hanyarmu, sun san manmu, sun kuma san aljihunmu.

## Me ya sa CG125 ya ƙi mutuwa?

A 1974 Honda ta tura ma'aikatanta su zagaya ƙasashe irin su Tailan, Indonesiya, Filifin, Iran da Pakistan, su gano dalilin da ya sa baburanta ke saurin lalacewa a can. Abin da suka tarar ba baƙo ba ne ga mutumin Faskari: babur ɗaya ɗauke da miji da mata da yara da kaya, baƙin mai ya yi kauri ba a juye ba, matatar iska ta toshe da ƙura, kuma ba a zuwa wurin gyara sai mashin ya tsaya cik. Ba su tsaya koya wa mutane kula da inji ba, sai suka ƙera injin da zai jure sakaci. Sandar da ke buɗe bawul, wadda a sauran injunansu take can sama inda mai ke wahalar kaiwa, suka sauko da ita ƙasa kusa da matattarar mai. Matatar iska suka yi ta da soso, a wanke a mayar. Babur ɗin ya shiga kasuwa a 1975, kuma kamfanonin Sin sun kwafi injinsa har ba a san iyaka ba. Shi ya sa yaron bakaniken da bai taɓa ganin CG na asali ba ya san cikinsa ciki da bai.

To dattawa suna da gaskiya, da tsohuwar zuma ake magani. Amma akwai abin da ba sa faɗa. Benlin da ya kai yau shi ne wanda mai shi ya riƙe da kyau, yana kwana a zaure, ana goge shi da tsumma kowace safiya. Sauran dubban tuni 'yan gwangwan suka auna su a sikeli. Wanda ya rage ɗin ma, buɗe shi ka gani: fistin ɗinsa na Sin ne, ring na Sin, wayoyin wuta sun bushe suna karyewa in an lanƙwasa, cikin tanki ya yi tsatsa. Kayan gyaransa na asali sun ƙare a kasuwa, abin da ake samu yawanci kwaikwayo ne. Sunan Japan ne a jikin tanki, amma babur ɗin da aka yaba a 1978 ba shi ne za a sayar maka yau ba.

## Masu hayaƙi

A100 da YB100 da Basfa da Jincheng duk dangi ɗaya ne, masu ƙona man tu-ti tare da fetur. Suna da zafin tashi, ba su da bawul balle ya dame ka, kuma cikin sa'a guda ana iya sauke bulok a mayar. A cikin gari ba laifi. A doguwar hanya kuwa suna shan mai fiye da su Boksa, fulogi na yawan yin baƙi, in kuma ka murɗe totur ka riƙe a tsakiyar zafin Afrilu, fistin na iya kamewa ba sallama. Da yawa an cire musu famfon tu-ti, mai shi ne ke auna man da murfin gora yana zubawa a tanki. Ranar da ya rage awo, injin ya biya. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000, waɗannan babura suka fita daga lissafin mai tafiya mai nisa.

## Kafireta, injekta, da man galan

Nan ne zuciyar maganar. Da zarar ka bar kwalta ka nufi ƙauyukan Sabuwa ko na yammacin Ƙanƙara, gidan mai ya ƙare, sai 'yan bumburutu da galan da kwalabe a kan tebur. Man nan ya sha juye-juye daga jarka zuwa jarka. Wani da ƙura, wani da ruwa, wani an yi masa gauraye. Na gidan mai ma ba kullum yake da tsarki ba: a Fabrairun 2022 hukumomi sun amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata injunan mutane.

Babur mai kafireta in ya sha irin wannan mai, zai yi tari, ya yi ta cijewa, ya mutu. Sai bakanike ya tsuguna, ya rufe makunnin mai, ya kwance ƙusoshin ƙoƙon da ke ƙasan kafireta, ya zubar da abin da ke ciki a ƙasa. Za ka ga ɗigon ruwa yana yawo a ƙarƙashin fetur kamar ƙwayar ido. Ya zaro jet, ya ɗaga shi sama yana leƙen haske ta ramin, ya hura da baki, ya mayar. Kik biyu, mashin ya tashi. Minti 20 ne, kuɗin kuma bai kai na tuwon rana ba.

Mai injekta ya fi iya tattalin mai, yana tashi tashi ɗaya ko da sanyin hunturu, kuma ba ya bukatar a riƙa taɓa shi. Amma yana dogara ne da famfon lantarki da ke cikin tanki, da ramukan feshi sirara ƙwarai, da na'urori masu kai rahoto ga kwamfuta. Datti ya toshe famfon, ko batir ya mutu, shi ke nan, domin manyan na zamani ba su da kik. Bakaniken Sheme zai zagaya shi, ya dafa tanki, ya ce, "Alhaji, wannan sai Kaduna." Ba rashin iyawa ba ne. Ciwon irin wannan mashin sai an jona masa kwamfuta take faɗa, kayansa kuma sai an yi oda daga Legas ko daga waje.

Ta fuskar zango kuwa, tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Boxer BM150 na da tankin lita 11, kuma ƙananan babura irinsa kan yi kilomita 40 ko fiye da lita ɗaya, wato sama da kilomita 400 kafin ka nemi mai. BMW R1250GS Adventure na ɗaukar lita 30, yana yin kusan kilomita 20 da lita, wato wajen 600. Ya fi nisa, amma cika tankinsa sau ɗaya ya kusa cika na Boksa sau uku.

## Inda na zamani ya yi fintinkau

Birki. A nan babu gardama. Tsohon birki mai takalmi a cikin wili yana sanyi in ya yi zafi, yana santsi in ya sha ruwa, kuma da lodin mutum biyu da buhu ba ya tsayar da mashin inda kake so. Birkin faifai ya fi shi kamu nesa ba kusa ba. ABS kuma, wanda BMW ta fara sa wa babur a 1988, yana sakin taya yana kamawa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya don kada ta ƙame ta zame da kai. Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sababbin baburan da suka wuce cc 125 tun 2016. Wanda akuya ta taɓa fito masa ba zato a kan kwaltar Malumfashi ya san amfanin wannan. A kan burji da yashi ne kawai yake zama cikas, shi ya sa baburan daji ke da maɓallin kashe shi.

Sai wuta. Yawancin tsofaffin suna da lantarki mai bolt 6, fitilarsu ja-ja, tana dushewa in ka sassauta totur, daidai lokacin da kake son ganin rami. Na yanzu bolt 12 ne. Tsohon kwantak mai ba fulogi wuta yana cinyewa, sai an riƙa goge shi ana saita shi. Ɗan akwatin CDI da ya maye gurbinsa ba ya son komai, ranar da ya mutu a cire a sa wani, kuma yana shiga aljihu. Ko masu son tsohon ƙarfe da yawa sun sauya zuwa gare shi a asirce.

Taya marar tib in ƙusa ta shige ta, a hankali take sacewa, tana iya kai ka gari na gaba. Mai tib kuwa nan take take kwantawa. Sai dai wili mai sifok in ya daki rami lanƙwashewa yake yi, a ɗaure sifok a miƙar da shi, na alminiyom kuma yana iya tsagewa, ba shi da gyara.

Hular kwano ba ta cikin gardamar tsoho da sabo, amma ta fi duk abin da aka lissafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, na mummunan rauni a ka da kusan kashi 70. Mu kuwa da aka tilasta ta a Janairun 2009, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka kifa a ka.

## Nauyi

R1250GS Adventure da cikakken tanki kilo 268 ne. Boksa bai kai rabin haka ba. A kan titin Zariya zuwa Kano nauyin nan alheri ne: iskar tirela ba ta kaɗa shi, gilashin gaba na tare maka guguwa, ka sauka bayanka lafiya. Gold Wing ma har giyar baya gare shi, da inji mai silinda shida. Mai ƙaramin babur da ya yi wannan tafiya zai sauka yatsunsa sun yi tsami saboda karkarwar kan mashin.

Amma ka kai shi hanyar gona a watan Agusta, inda laka ke kama ƙafa, ko bakin rafin da ya kawo ruwa. Ƙaramin babur samari huɗu ne za su zura sanda su ɗaga shi su haye. In ya faɗi a yashi, kai kaɗai ka tashe shi. Babban in ya kwanta sai ka jira mutane, kuma akwai wuraren da jira ba shi da daɗi.

## Waɗanda suka ratsa Sahara

Tarihin doguwar tafiya a kan babur ya bi ta ƙofar gidanmu. A ranar 11 ga Disambar 1934 wasu matan Ingila biyu, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan a kan babur ƙirar Panther mai cc 600, da akwatin fasinja a gefe da tirela a baya. Injin ya lalace musu kafin Agadas, suka yi makonni a garin suna jiran kayan gyara daga Ingila, sannan suka gangaro ta Kano, suka isa birnin Kef na Afirka ta Kudu a ƙarshen Yulin 1935. Tsohon ƙarfe ya gyaru a tsakiyar hamada, gaskiya ne, amma dubi kwanakin da ya ci musu.

Tseren Faris zuwa Dakar na farko ya tashi ranar 26 ga Disambar 1978, ya bi ta Agadas da Yamai. Cyril Neveu ne ya lashe a kan Yamaha XT500, mai silinda ɗaya da kafireta da kik, wanda duk bakaniken Funtuwa zai gane kansa. A wannan tsere ne kakannin manyan baburan yau suka yi suna: BMW R80G/S na 1980, Yamaha Ténéré na 1983 da aka raɗa wa sunan hamadar Tenere ta Nijar, da Africa Twin na 1988. Da farko sauƙi suka sa gaba, daga baya suka yi ta ƙara ƙiba da na'urori saboda masu sayensu yawanci a kan kwaltar Turai suke hawa. Da Kunle Adeyanju ya taso daga Landan ranar 19 ga Afrilun 2022 ya iso Legas ranar 29 ga Mayu, don tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna, bai ɗauki mafi girma ba. Honda CB500X ya hau, na zamani amma matsakaici.

## Abin da tsaro ya sauya

Duk wannan lissafi na lokacin zaman lafiya ne. A yankin da dajin Rugu ke arewa da shi, dazuzzukan Zamfara a yamma, na Birnin Gwari a kudu, babur ya zama abin hawan manomi kuma abin hawan ɗan bindiga. A kan babura aka zo makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disambar 2020, aka kwashe ɗalibai sama da 300. Har sababbin babura masu garkuwa da mutane kan nema a cikin kuɗin fansa.

Hukuma ta mayar da martani a kan babur ɗin kansa. A Mayun 2019 rundunar soja ta hana hawansa a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Katsina. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka ce su zagaya ta Funtuwa. Dokar ta hana goyon mutum uku, ta hana sayar da mai a jarka, ta hana cinikin baburan hannu a kasuwar Caranci, ta taƙaita zirga-zirgar baburan haya daga 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomin da ke bakin daji. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da wasu, gidajen mai biyu kacal aka yarje wa sayarwa, kuma kada ya wuce na naira 5,000. An sassauta wasu matakan daga baya, amma irin wannan doka kan dawo duk sa'ad da al'amura suka dagule, don haka tambayi halin da ake ciki kafin ka ɗaura kaya.

Wannan ya juya gardamar. Babban abin yabon tsohon babur shi ne yana gyaruwa a gindin bishiya. Amma tsakanin Sheme da 'Yankara, ko a hanyar Ɗandume zuwa Sabuwa da la'asar sakaliya, ba wanda ke son tsayawa a gindin bishiya, ko na minti 20 ne. Abin da ake nema shi ne mashin da ba zai tsaya ba sam, mai ƙarancin shan mai, wanda zai kai ka gari da sauran rana. Babban na zamani yana da wannan amincin, sai dai yana shelar kuɗi tun daga nesa. Akwai kuma ƙirar da aka san 'yan bindiga sun fi so, mai hawanta kan sha tambayoyi a shingen sojoji da na jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a Oktoban 2023.

## To wanne za ka saya?

In tafiyarka ta yankin nan ce, Ƙanƙara zuwa Katsina ta Dutsin-Ma, ko zuwa Funtuwa da Zariya ta Marabar Ƙanƙara, ra'ayina tsohuwar ƙira a sabon ƙarfe: cc 125 zuwa 150, marar tu-ti, mai kafireta da kik, wanda kayansa ke rataye a kowane shago. In akwai mai birkin faifai a gaba, ƙara kuɗin ka ɗauke shi. Benlin baba a bar shi don zuwa masallacin Juma'a da ɗaurin aure. Babban na zamani kuwa na mai zirga-zirga ne tsakanin manyan birane, wanda ke da bakanikensa a Kaduna ko Abuja da kuɗin jiran oda.

In na hannu za ka saya, je da sassafe ka taɓa injin ka tabbata da sanyinsa, domin mai sayarwa kan ɗuma shi kafin ka iso don ya ɓoye wuyar tashi. Tayar da shi da kanka, ka duba salansa: shuɗin hayaƙi a injin da ba na tu-ti ba alamar ring ya tafi ne. Ja sarƙa daga bayan haƙoran wili, in ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ita da haƙoran duka sun ƙare. Sannan ka durƙusa ka karanta lambar inji da ta firam, ka gwada su da rasit harafi bayan harafi. Baburan sata da na ƙwace suna yawo a kasuwa, kuma a shinge ba wanda zai saurari cewa ba ka sani ba.

A ƙarƙashin sirdi ko cikin jaka kada a rasa fulogi, tib, ɗan famfo, wayar kulochi, CDI na ajiya, da sufana mai lamba 10 da 12 da 14. Juye baƙin mai kwana ɗaya kafin tafiya, ba da safiyar ranar ba, don in an bar ƙusar a kwance ka ga ɗigon a tsakar gida.